Kaye ɗaya domin alherin Ubangiji

Salama alaikum 'yan'uwa cikin Kristi. Ga shawara ga iyalanmu na Damagaram: ku sayi ƙaramin kaye irin na 'yan lakwal, ku ajiye shi kusa da Littafi Mai Tsarki. Bayan tuwon dare, kafin addu'a, kowa ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa yau, a rubuta da kwanan wata.

Kada a tsaya a kan "mun gode Allah" kawai, a faɗi abin da sunansa. Famfo ya kawo ruwa da asuba har an cika randa. Zazzaɓin auta ya sauka. Maƙwabciya ta aiko da fura ranar da buhun hatsi ya ƙare. Ku bar yara su fara, suna lura da abin da mu manya muke tsallakewa.

Ni a ganina amfaninsa ya fi fitowa lokacin bazara, in zafi da tsadar kasuwar Dole suka taru, zuciya ta soma gunaguni. Ranar sai a buɗe shafukan baya, a karanta da murya tare da Makoki 3:22-23. Roƙon da ba a amsa ba tukuna, a rubuta shi, a bar fili a gefensa.