Janaretan fetur: aikin da ya kamata ka gama tun da rana

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan igiyar janareta. Biyu sun mutu a hannuna, na uku nake lallaɓawa yanzu. Da na zauna na tuna ɓarnar da na yi, sai na ga kusan duk a duhu na yi ta: an ɗauke wuta, gida ya rikice da zafi, na dafe tocila da haƙori, ina ta gaggawa. Shi ya sa yanzu duk abin da ya shafi injin nan, da rana nake gama shi, ido na ganin ido. In dare ya yi, jan igiya kaɗai ya rage mini.

Mu fara da inda za ka ajiye shi, domin nan ne ake rasa rai.

Hayaƙin da ke fita daga salansa yana ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kake ji na fetur ne da bai gama ƙonewa ba, ita kuwa gubar hanci ba ya kama ta. In ta shiga huhu sai ta manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, kuma riƙon da take yi masa ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum yana numfashi kamar kullum, amma jininsa ya daina kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Wanda yake a farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da mutuwar jiki. Wanda yake barci kuwa ba ya jin komai, wucewa kawai yake yi.

Ni ba labari aka ba ni ba. Wata rana da daddare ruwa ya sauko, na ji tsoron injin ya jiƙe, sai na jawo shi cikin baranda dab da tagar ɗakin kwana, ina cewa ai wurin a buɗe yake. Wajen ƙarfe biyu na farka kaina kamar ana sara shi da gatari, na miƙe ƙafata ta ƙi ɗaukata. Da rarrafe na kai ga makunnin. Allah ne ya yi da sauran kwana, amma tun daga ranar ban sake yarda da maganar "ai akwai iska a wurin" ba. Buɗe taga da ƙofa ba ya wadatarwa, kunna fanka ma haka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a nisanta janareta da gida aƙalla ƙafa 20, wato kusan mita 6, nesa da ƙofa da taga da duk wata kafar iska. Ka juya bakin salansa ya kalli fili, kada ya kalli bango ko tagar maƙwabci, don shi ma ransa ɗaya ne. Gareji, ƙarƙashin matakala, kicin, banɗaki, shago da aka ja ƙofarsa: babu ɗaya da ya halatta, ko na minti goma ne. In tsoron ɓarawo ne ya sa kake shigo da shi, sarƙa da kwaɗo sun fi sauƙi. In ruwa ne, yi masa rumfa mai rufi a sama, gefunanta a buɗe, ka ɗora shi a kan dakali don kada ruwa ya kwanta ƙarƙashinsa. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai batir da ke kuka in gubar ta taru a ɗaki. Ka maƙala ɗaya kusa da inda ake kwana.

In ka tarar da mutane a ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai ko sun galabaita alhali inji na aiki, kada ka tsaya shafa musu ruwa. Fito da su waje, kashe injin, a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita hayaƙin janareta suka shaƙa, don oksijin ake ba su.

Sai yadda wutar za ta shiga gida. Akwai wata muguwar dabara da na ga ana yi: a haɗa waya mai kai biyu, a soka ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin bango, wai gida duka ya samu wuta. Kan da ba a soka ba tsirararsa yake da wuta, duk wanda ya taɓa ya kamu. Bayan haka wutar tana bin layi ta fita waje, ta shiga taransifoma ta baya, shi kuwa sai ya ɗaga ta ta koma dubban bolt. Ma'aikacin da ke kan turke yana gyara, da tabbacin an yanke layin, kai ne za ka yi ajalinsa ba ka sani ba. In kuma aka kawo wuta tana haɗe, koyil ɗin janaretan ne zai ƙone. Maganin abin shi ne canjoba, makunnin da ke raba layin gida da na kamfani ta yadda ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma mai aikin lantarki da ya san hannunsa ne zai sa maka, ya haɗa har da wayar ƙasa. In babu canjoba, ja waya daga janareta kai tsaye zuwa kayan da za ka kunna. Wayar ta kasance mai kauri, irin wadda masu aikin lantarki ke kira 2.5, ba siririyar nan da ke yin ɗumi a hannu ba. Kada ka bar ta a nannaɗe tana aiki, kada ka bi da ita ƙarƙashin kafet.

Kafin ka ɗora masa kaya, san ƙarfinsa. Lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin tanki yawanci ita ce iyakar abin da zai iya ɗauka na ɗan lokaci. Ƙarfinsa na gaskiya yana kan ƙaramar takardar da ke manne a gefe. Nawa an rubuta 2.5 a tanki, wato kamar wat 2,500, amma wat 2,000 ne aikinsa na yau da kullum, ni kuma ba na wuce 1,600. Ƙwan fitila na zamani wat 10 ne ko ƙasa, fanka wajen 70, talabijin wajen 100. Waɗannan ba su da matsala. Masu cin wuta su ne duk abin da ke yin zafi: dutsen guga ya kan kai 1,000 ko fiye, butar lantarki wajen 2,000. Sai masu mota a ciki, irin firji da injin jan ruwa, waɗanda a lokacin tashi suke jan ninki biyu zuwa uku na abin da suke ci in sun daidaita. Injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya wat 750 ne a lissafi, amma a daƙiƙar farko yana iya neman sama da 2,000. Janaretana na farko haka na kashe shi, firji na aiki aka soka dutsen guga, ya yi gurnani ya yi gurnani, sai ƙauri.

Tayar da shi ba wuya, tsari ne kawai. Duba baƙin mai, duba fetur, leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Tabbatar bireka a kashe take, babu abin da ke haɗe. Buɗe makullin mai, rufe cok (ɗan hannun da ke rage iskar da ke shiga inji) in injin ya yi sanyi, kunna makunni. Ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga da ƙarfi, ka kuma raka ta ta koma, kada ka sake ta ta daki murfi. Da ya kama, mayar da cok a hankali. Ba shi minti biyu ko uku ya ɗumama, sannan ka ɗaga bireka, ka fara da abu mafi nauyi, saura su biyo ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa sai ka juya tsarin: sauke kaya, bar shi ya yi minti biyu babu nauyi, kashe makunni, rufe mai. Kashe shi da kaya a kai, ko barinsa fetur ya ƙare yana tsakiyar aiki, yana sa wuta ta yi sama da ƙasa, abin da ke illata na'urar daidaita wuta da ake kira AVR, har da kayan da ke haɗe.

Maganar ƙara fetur kuwa, a nan ne haƙuri yake da tsada. Ana kallo, inji ya fara tari, sai mutum ya ruga da jarka ya buɗe tanki yana aiki. Fetur ba sai ya ga harshen wuta yake kamawa ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, kuma salansa mai zafi ko ɗan tartsatsi ya ishe shi. Kashe injin, ba shi kamar minti 15 ya huce, zuba da mazurari, kada ka cika har baki domin fetur yana kumbura da zafi. Goge wanda ya zube, matsar da jarkar nesa, sannan ka tayar. Haske kuwa tocila, ba kyandir ko ashana ba, kuma mai sigari ya ja baya. Ni dai da la'asar nake cika tankina, ba na bari sai dare. Ajiye bokitin yashi ko abin kashe gobara mai hoda a kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Baƙin mai shi ne ran inji. Waɗannan ƙananan injuna galibi ba su da matatar mai irin ta mota, kuma abin da suke ɗauka kaɗan ne, da yawansu wajen lita 0.6, alhali suna juyawa sau 3,000 ko 3,600 a minti. Man yana saurin gajiya. Littafin injunan Honda na GX ya ce a yi juyen farko bayan awa 20 ko wata ɗaya, daga nan kuma duk awa 100 ko wata shida. Juyen farkon nan kada ka yi wasa da shi, domin sabon inji yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe, in ka duba man a rana za ka ga yana ƙyalli. Ni da nawa ba Honda ba ne, kuma ƙura tana damunsa, duk awa 50 nake juyewa. Mai lamba 10W-30 shi ne aka fi rubutawa, amma bi abin da littafin naka ya ce. Juye shi yana da ɗumi, ya fi fita da datti. Ajiye injin a wuri mai daidai kafin ka auna, in ya karkace awon ƙarya zai ba ka. Tsohon man kuma a tara a galan a kai wa masu karɓa, kada a zuba a kwata.

Akwai wata na'ura a ciki da ke kashe injin in mai ya yi ƙasa. Wani makaniki ya taɓa cire mini wayarta, wai tana da fitina. Wata uku bayan haka injin ya buga, shi ne na biyu da na rasa. In janareta yana tashi yana mutuwa bayan daƙiƙu kaɗan, fara duba mai kafin ka zargi kowa.

Ƙaramin nan da ake ɗauka da hannu ɗaya daban yake, ba shi da wurin baƙin mai, a cikin fetur ake gauraya masa man da aka yi don irinsa. In an rubuta 50:1, mililita 20 na man ke nan a lita ɗaya ta fetur. A auna, kada a kwarara da ido.

Soson da ke tace iska a wanke shi da ruwan sabulu duk awa 50, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga masa mai kaɗan a matse. Fulogi kuma madubin inji ne. In ka kwance ka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. In baƙi ne mai toka, fetur ya yi yawa ko soso ya toshe, ko an manta cok a rufe. In ya jiƙe da mai, ga kuma shuɗin hayaƙi, inji ya fara shan mai, sai makaniki. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce a yawancinsu. Fara ɗaura shi da yatsu kafin ka sa sifana, don kada ka cinye zaren.

In za ka yi wata guda ko fiye ba ka tayar ba, kada ka bar fetur a kafireta, inda fetur ke gauraya da iska. Yana bushewa ya bar danƙo ya toshe ƴan ƙananan ramukan ciki, shi ne za ka ji inji yana hawa yana sauka, ko ya ƙi aiki sai da cok. Sauke kaya, rufe makullin mai, bar shi ya shanye na ciki ya mutu da kansa, sannan ka kwance ɗan kusar da ke gindin kafireta sauran ya tsiyaye a gwangwani. Mai tashi da makulli a cire masa kan batir. Ni a bangon rumfar na rataye wani kwali da biro, duk ranar da na tayar sai na rubuta awa nawa ya yi. Na duba shi ɗazu, saura awa shida juye ya yi.