Yadda Ake Gane Alaƙar Rage Ƙiba da Saukar Lambar Tufafi

Tambayar da mai son rage ƙiba ya fi yawan yi ita ce, kilo nawa zai sauke kafin rigar da ta matse shi ta sake shigarsa, ko kafin ya bar wando lamba 38 ya koma 36. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne kilo 4 zuwa 7 a kan kowace lamba ɗaya, kuma a matsayin abin fara lissafi ba shi da laifi. Sai dai sikeli nauyi yake aunawa, tufafi kuwa kewayen jiki suke bi, kuma waɗannan abubuwa biyu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa a kowane lokaci. Abin da yake haɗa su shi ne tef ɗin awo irin na tela, kuma da shi za a yi yawancin aikin da za a bayyana a nan.

Mataki na farko: a san abin da lambar take nufi

Lambar da ke wuyan riga ba awo ba ce da duniya ta yi ittifaƙi a kansa. Rigar mata da aka rubuta wa 12 a Ingila, ita ce a mafi yawan lokuta ake rubuta wa 8 a Amurka, a kuma rubuta mata 40 a ƙasashen Turai da dama. Gwamnatin Amurka ta taɓa fitar da tsarin lambobin kayan mata a 1958, amma aka janye shi a 1983, kowane kamfani ya ci gaba da yanka kayansa yadda ya ga dama, wasu ma suna faɗaɗa rigar su bar lambar yadda take don mai saye ya ji daɗi. Wanda ya saba sayen gwanjo ya san wannan sarai, domin a dila ɗaya ana samun riguna biyu masu lamba ɗaya, wata ta shiga, wata ta ƙi wuce kafaɗa.

Duk da haka akwai abin da za a iya riƙewa. A tsarin Ingila, tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata, misali 14 da 16, takan kai kusan inci 2, wato santimita 5, a ƙirji da ƙugu da kwankwaso. Wandon maza ya fi sauƙin fahimta, domin lambarsa awon ƙugu ce da inci, saboda haka daga 38 zuwa 36 inci 2 ne. Kayan da ake yi wa haruffa kamar M da L da XL sun fi faɗin tazara, harafi ɗaya yakan haɗa lamba biyu, shi ya sa mutum zai iya ramewa sosai amma har yanzu harafinsa bai canja ba. Don haka abin da ake nema a zahiri shi ne rage kusan santimita 5 a wurin da tufafin suka fi kamawa.

Mataki na biyu: a ɗauki awon farko, a rubuta shi

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Kayanmu na gida suna ɓoye canjin jiki ta kowace fuska. Zani ɗaura shi ake yi, wandon kaftani da mazagi ake tsuke shi, babbar riga da abaya kuwa za su iya ɗaukar ƙarin kilo 10 ba tare da sun nuna komai ba. Wannan sutura ce mai kyau, amma tana nufin mutum zai iya shekara yana ƙara teɓa bai sani ba, kuma idan ya fara raguwa ba zai ga alamar da za ta ƙarfafa masa gwiwa ba.

A sami tef ɗin awo wanda bai miƙe ba saboda tsufa. A yi awon da safe, bayan an yi fitsari, kafin a karya kumallo, a kan fata ko a kan riga marar kauri. Don auna ƙugu, a lalubo ƙasan haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a zagaya tef ɗin a tsakiyar waɗannan wurare biyu, wanda galibi yakan faɗo kusa da cibiya ko ɗan sama da ita; wannan ita ce hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar. A tsaya a miƙe, a saki numfashi yadda aka saba, kada a haɗiye ciki, kada kuma a ja tef ɗin har ya nutse cikin fata. Bayan haka a auna kwankwaso a inda ya fi faɗi, da ƙirji, da cinya ɗaya, da damtse ɗaya. Namiji ya ƙara da wuya, domin wuyan riga yana daga cikin wuraren da ake saurin lura da canji. Sannan a hau sikeli, a rubuta nauyin tare da kwanan wata a shafi guda.

Idan akwai telan da ake kai wa ɗinki shekara da shekaru, littafin awonsa yana ɗauke da tarihin jikin mutum. Yana da kyau a roƙe shi ya duba awon da ya ɗauka lokacin da ya ɗinka rigar da ake son komawa cikinta, domin wannan ya fi kowace lambar kanti gaskiya.

Mataki na uku: a yi lissafin tazarar

A zaɓi tufa ɗaya marar roba, wanda ba ya miƙewa, kamar siket na atamfa mai zif ko wandon yadi mai maɓalli, wanda a yanzu ya ɗan matse. A shimfiɗa shi, a auna faɗin ƙugunsa, a ninka biyu, sannan a kwatanta da awon jiki. Bambancin da aka samu shi ne aikin da ke gaba.

Ƙiyasin da ya fi sauƙin amfani shi ne, a yawancin mutane kowane kilo ɗaya da aka sauke yakan tafi da kusan santimita ɗaya na ƙugu. A misali, mace mai nauyin kilo 85 da ƙugu santimita 96, wadda siket ɗinta yake buƙatar 91, tana da tazarar santimita 5, wato kimanin kilo 5. Wannan shi ne asalin maganar kilo 4 zuwa 7.

Dalilan da suke sa lissafin ya karkata sun cancanci a tsaya a kansu, domin a nan ne mutane suke karaya. Na ɗaya shi ne tsawo: kilo 5 a jikin gajeren mutum ya fi fitowa fili fiye da kilo 5 a jikin dogo, saboda a jikin dogo nauyin ya bazu a wuri mai yawa. Na biyu shi ne girman da aka fara da shi. Idan kewayen jiki yana da faɗi, ana buƙatar cire kitse mai yawa kafin tef ya matsa da santimita ɗaya, shi ya sa mai kilo 120 zai iya sauke kilo 8 ko fiye kafin lambarsa ta motsa, alhali mai kilo 65 zai ga canji da kilo 3 ko 4. Lambar farko ita ce ta fi buƙatar sauke kilo masu yawa, na bayanta sukan buƙaci ƙasa da haka. Sai kuma wurin da jiki yake ajiye kitse, wanda gado da jinsi suke da hannu a cikinsa. Maza galibi a tumbi suke tarawa, kuma kitsen ciki yakan fara tafiya da wuri, don haka bel ɗinsu yake saurin nunawa. Mata da yawa a kwankwaso da cinya suke tarawa, saboda haka riga za ta iya yin yawa a sama alhali siket bai saki ba tukuna. Babu wani motsa jiki da yake zaɓar wuri ɗaya ya narkar da kitsensa. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar ciki ne, kitsen da ke samanta kuwa sai jiki gaba ɗaya ya ragu sannan yake raguwa.

Mataki na huɗu: a sa wa aikin lokacin da ya dace

Hukumomin lafiya a Ingila da Amurka suna ba da shawarar rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. A wannan gudun, kilo 5 zai ɗauki mako 5 zuwa 10, kuma ni a ganina gara a ɗauki mako 10 a zuciya, domin wanda ya sa wa kansa wa'adin biki nan da mako biyu shi ne yake faɗawa hannun masu sayar da abin da ba shi da amfani. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki), don haka rage kalori 500 a kullum yakan kawo kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya, daga baya saurin ya ɗan ragu yayin da jiki ya ƙanƙance.

Samun wannan giɓin bai buƙaci barin tuwo ba. Cokali ɗaya babba na man gyaɗa ko manja yana da kusan kalori 120, kwalba ɗaya ta lemo kuma tana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi. Idan aka rage man miya, aka bar lemon kwalba, aka sassauta sukarin shayi da na fura da zoɓo, aka ɗan rage malmalar tuwo aka ƙara ganye da wake da kifi ko ƙwai, an riga an ci rabin tafiya. A haɗa da tafiya da sauri ta aƙalla minti 150 a mako, da motsa jiki na ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, kamar yadda hukumar ta tsara wa manya.

Mataki na biyar: a riƙa karanta sikeli da tef tare

A hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. A maimaita awon tef duk mako biyu, a gwada tufan da aka ware sau ɗaya a wata.

A makon farko da na biyu sikeli yakan sauka da sauri, wani lokaci kilo 2, amma wando bai saki ba. Yawancin wannan ruwa ne: jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya tare da kusan giram 3 na ruwa, kuma idan aka rage abinci wannan ajiyar ce take fara tafiya. Kitse na gaske a hankali yake ƙonewa, kuma wani lissafi da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2014 ya nuna cewa a cikin kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar da ake fitarwa da numfashi, sauran kilo 1.6 kuma ya zama ruwa. Wannan ya isa ya nuna cewa gumi da gudawa ba su ne babbar hanyar fitarsa ba. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa, da yawansu filasko ne ko wani abin sa zawo da fitsari, suna sauke lambar sikeli na kwana biyu su bar kitsen inda yake, kuma yawan shansu yana iya ƙarar da ruwa da gishirin jiki. Bel ɗin matse ciki ma yana canja siffa ne muddin yana ɗaure.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ne labari mai daɗi. Wanda ya haɗa da motsa jiki na ƙarfi zai iya ganin sikeli ya tsaya cak na makonni alhali ƙugu yana raguwa. Kitse ya fi tsoka cin wuri: kilo ɗaya na kitse ya ɗan haura lita ɗaya, kilo ɗaya na tsoka kuwa bai cika lita ba. Idan jiki ya rasa kitse ya riƙe tsoka ko ya ƙara ta, nauyi ba zai canja sosai ba amma tufafi za su saki. A irin wannan hali tef za a gaskata. Mata kuma su lura cewa jiki yakan tara ruwa kwanaki kaɗan kafin al'ada, don haka a kwatanta awon wannan wata da na irin lokacinsa a watan baya. Abinci mai gishiri da dunƙulen ɗanɗano da yawa ma yana iya ƙara nauyin washegari ba tare da an ƙara kitse ba.

Mataki na shida: a duba abin da awon yake faɗa game da lafiya

Tun da tef yana hannu, yana da kyau a san lambobin da likitoci suke dubawa. Haɗarin ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya yana ƙaruwa idan ƙugun mace ya wuce santimita 80, na namiji ya wuce 94, kuma yana tsananta bayan 88 ga mace da 102 ga namiji. Wata ƙa'ida mai sauƙi da hukumar tsara jiyya ta Ingila ta ɗauka a 2022 ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum, wato mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Amfanin kuma yana zuwa tun kafin a kai ga lambar da ake buri. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki, sai yawan kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, kashi 7 bai cika kilo 6 ba, wato kusan lamba ɗaya ta tufafi.

Mai juna biyu kada ta shiga wannan tsari, mai shayarwa da mai shan maganin sukari ko na hawan jini kuma su fara tuntuɓar likita. Haka nan idan kaya suka fara yi wa mutum yawa ba tare da ya canja ci ko motsi ba, wannan ba abin murna ba ne. Ciwon sukari, tarin fuka, cutar ƙanjamau da matsalar maƙoƙo duk suna ramar da mutum, kuma rasa kashi 5 cikin 100 na nauyi a cikin wata 6 zuwa shekara ba da niyya ba dalili ne na zuwa asibiti.

Mataki na bakwai: a kai wa tela a lokacin da ya dace

Kada a yi gaggawar rage kaya masu tsada. A jira awon ƙugu ya zauna wuri ɗaya na tsawon wata guda ko fiye, sannan a kai shadda ko leshi, a kuma roƙi tela ya tsuke ta gefen ɗinki ya bar ragowar yadin a ciki kada ya yanke. Riga da siket sukan karɓi ragin inci 2 ba tare da sun lalace ba, amma idan ragin ya kai inci 4 kafaɗa da hammata sukan sauka daga wurinsu, sai an farke an sake yanka. Idan za a ba da sabon ɗinki alhali ana tsakiyar raguwa, a sa ya ɗauki sabon awo a ranar, kada ya buɗe tsohon shafi, kuma a ɗinka daidai jikin da ake da shi a yau.