Yadda ake huda ledar polima da radiyeshan da soda, a kuma auna ƙofofinta

Matatar da ake tace mililita 10 na fitsari da ita don neman ƙwan tsargiya leda ce siririya, kaurinta bai wuce maikromita 10 zuwa 20 ba, ƙofofinta zagayayyu kuma kusan girmansu ɗaya. Mai ƙofa maikromita 12 zuwa 20 tana riƙe ƙwan tsargiya, mai maikromita 5 tana kama tsutsar tundurmi a jini, mai 0.2 kuwa tana tare bakteriya. Ba allura ke huda su ba. Ayon mai nauyi, wato ƙwayar zarra mai caji, ake harba wa ledar ya ratsa ta, ya bar sawun lalacewa mai faɗin 'yan nanomita, sannan a tsoma ta a ruwan soda (NaOH, irin wadda ake yin sabulu da ita). Soda na cin sawun da sauri fiye da yadda take cin lafiyayyen jikin ledar, sai sawu ya zama ƙofa. Fleischer da Price da Walker ne suka fito da dabarar a ɗakin binciken General Electric a Amurka farkon shekarun 1960, daga nan aka samu matatar Nuclepore.

Harbi shi ke yanke yawan ƙofofi. Girmansu da siffarsu kuwa a cikin kwanon soda ake yanke su, kuma wannan ne ɓangaren da ke hannun mai aiki a Kaduna.

A fara da harbin, tunda shi ne ba a gida ake yi ba. Ledar PET (irin robar gorar ruwa) da ta polikabonet suna son ayon masu nauyi irin su kirifton, zenon ko zinare, masu ƙarfin da zai ratsa kaurin gaba ɗaya. Irin wannan sai manyan injuna, kamar na GSI a Darmstadt ta Jamus, na Dubna a Rasha, ko GANIL a Faransa. Tsohuwar hanya ita ce ɓarɓashin fashewar yuraniyom-235 a cikin riyakta, amma ledar kan fito da ragowar radiyeshan, dole a ajiye ta ta huce, kuma sawayen ba sa zama iri ɗaya. Muna da riyakta a jihar nan, NIRR-1 da ke CERT, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana aiki tun 2004. Duk wani aiki da ita ko da wani tushen radiyeshan yana ƙarƙashin lasisin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, da jami'in kariyar cibiyar, ba abin da ɗalibi zai ƙulla shi kaɗai ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi ledar da aka riga aka harba amma ba a sa mata soda ba. Ka tabbata an rubuto maka abu huɗu: irin polimar, kaurinta, ayon ɗin, da yawan sawu a kowace santimita murabba'i. Idan ta iso, a ajiye ta a inuwa mai sanyi. Zafi yana warkar da sawu, ledar da ta wuni a cikin mota a rana a watan Afrilu ba za ta ba ka abin da takardarta ta ce ba.

Kafin ka taɓa wannan leda mai tsada, ka koyi hannu da robar CR-39. Ita ko ƙwayar alfa, radiyeshan marar nauyi sosai, tana bar mata sawu, abin da PET ba ta yi. A ɗakin gwaji mai lasisi ana ajiye ta santimita 1 zuwa 2 daga tushen amerishiyom-241, don alfarsa ba ta wuce kusan santimita 4 a iska. In babu tushe, a bar guntun a cikin kofi a ɗaki mai rufi na wata uku, iskar radon za ta yi aikin. A dafa shi a soda mola 6.25 (giram 250 a lita) a digiri 70 na awa 6, ramukan za su fito sarai a maikroskof na haske a ninki 400. Ba matata za ka samu ba, domin alfar amerishiyom ba ta shiga fiye da maikromita 30 da ɗoriya, amma za ka koyi riƙe zafi da ƙirga.

Sai lissafi, kafin a kunna komai. Kason fili da ƙofofi suka cinye shi ne yawan sawu sau faɗin bakin ƙofa ɗaya. Leda mai sawu miliyan 100 a santimita murabba'i, in ƙofar ta kai maikromita 0.2, kashi 3 cikin ɗari ne. A 0.4 ya haura kashi 12 da rabi. In ka kai ta maikromita 1, ya kusa kashi 80, wato ledar za ta dagargaje a cikin kwano. Da yake ayon ba a jere suke faɗowa ba, tun daga wajen kashi 10 zuwa 15 ƙofofi ke fara haɗewa biyu-biyu da uku-uku, kuma ƙofa biyu da suka haɗe sun isa su bar abin da kake son tarewa ya wuce. Mai son manyan ƙofofi sai ya nemi leda mai ƙarancin sawu tun farko.

Haɗin soda: giram 40 a lita shi ne mola 1, saboda haka mola 2 giram 80, mola 6 giram 240, mola 6.25 giram 250. A yi amfani da ta ɗakin gwaji da ruwan da aka tsarkake. Sodar kasuwa ta masu sabulu ta sha iska da laima, giram 240 nata ba mola 6 ba ne, kuma ba za ka san nawa ba ne. Ana zuba soda cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, don haɗin na ɗaukar zafi sosai. Tabarau mai rufe ido dole ne. Soda mai zafi a ido ta fi asid muni. Mazubi ya zama na polifurofilin ko Teflon mai murfi. Kwalba soda na cin ta a hankali, tukunyar alminiyom kuwa kada ma a kusanto da ita, narkewa take yi tana fitar da haidirojin. Murfin na hana ruwa ƙafewa, wanda ke ƙara wa haɗin ƙarfi, yana kuma hana iska raunana shi.

Zafi ne wurin da aka fi faɗuwa. Ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin ci, don haka kuskuren digiri 2 ma yana bayyana a girman ƙofa. A sa mazubin a cikin bahon ruwa mai daidaita zafi, a jira minti 30 zuwa 45, a auna zafin sodar kanta, ba lambar da ke jikin baho ba. In wutar NEPA ce kawai abin dogaro, kada a fara. A jona bahon da inbata ko janareta tukuna. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a ciro guntun a yar, domin ba wanda zai iya faɗin minti nawa ya yi a wane zafi.

Ledar PET tana son a haska ta da fitilar UV mai tsawon zango sama da nanomita 310, minti 30 zuwa 60 kowane gefe. Wannan na ƙara saurin cin sawu ba tare da taɓa jikin ledar sosai ba. Sannan a yanka guntaye biyar, a maƙala kowanne a firam na roba don kada ya naɗe, a jiƙa shi da ruwa kafin tsomawa, domin kumfar iska da ta manne tana barin tabo marar ƙofa. Ga polikabonet, mola 6 a digiri 50 na buɗe ƙofa da wajen nanomita 20 zuwa 30 a minti. Ga PET, mola 2 zuwa 3 a digiri 60 zuwa 80. A ciro ɗaya a minti 2, wani a 4, 6, 8, 10, a zana girman ƙofa da lokaci. Wannan layin naka ne, ya fi duk lambar da ka karanta. Da fitowa a jefa shi cikin ruwan sanyi, sai asid mai rauni kamar asetik kashi 1, sai wanki uku a tsarkakken ruwa. Wankin da bai isa ba shi ke barin farin gishiri a bakin ƙofa. A shanya a cikin kwano mai murfi, musamman da hunturu, don ƙurar harmatan ta fi ƙofofin girma nesa ba kusa ba.

Siffar ƙofa ta dogara da tseren gudu biyu: saurin cin sawu da saurin cin jiki. In na farko ya ninka na biyu sau ɗaruruwa, ƙofa na fitowa miƙaƙƙiya. In tazarar ta ragu, kamar a soda mai ƙarfi a zafi kaɗan ko wadda aka sa wa metanol, sai ta yi faɗi a baki biyu ta tsuke a tsakiya, kamar kalangu. Daga sama ba za ka ga wannan ba. Mai son ƙofa mai tsini da gangan yakan sa mola 9 a gefe ɗaya kawai, a ɗaya gefen kuma haɗin KCl mola 1 da asid fomik mola 1, yana kallon lantarkin da ke ratsawa. Da ya motsa, ƙofa ta ɓulle.

Saurin cin jiki da sikeli ake gane shi. Guntun PET mai santimita 5 sau 5, mai nauyin giram 1.4 a santimita kubik, in ya rasa maikromita 0.1 a kowane gefe, miligiram 0.7 zai ragu. Kenan ana bukatar sikeli mai ganin miligiram 0.01, da guntun da ba a harba ba, busasshe kafin da bayan. Faɗin ƙofa kusan ninki biyu ne na abin da aka ci a gefe ɗaya.

Maikroskof na haske ya isa ga ƙofar da ta haura maikromita 1. Ƙasa da haka sai SEM, wato maikroskof mai aiki da hasken elektiron. Leda ba ta wuce da lantarki, don haka ana fesa mata zinare nanomita 5 zuwa 10, a duba a kilobolt 5 ko ƙasa. In hoto na walƙiya ko yana ja gefe, caji ne ya taru, in kuma fili na kumbura, hasken ne ke ƙona ta. Ka tuna zinaren na rage bakin ƙofa: a kan ƙofar nanomita 50, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. A ɗauki hoto a wurare biyar aƙalla, nesa da juna, a ƙirga da manhajar ImageJ. Kuskuren ƙirga yana raguwa da yawan adadin: ƙofa 100 kashi 10 ne, 400 kashi 5. A duba fuska biyu. Don ganin ciki, kada a yanka da reza, tana shafe ƙofofin. A karya ledar cikin ruwan naitirojin, ko a bar ta ƙarƙashin UV har ta yi gautsi ta karye da kanta.

Hoto bakin ƙofa kawai yake nunawa, shi ya sa ake haɗa shi da gwajin kumfa. A jiƙa ledar da aisofurofanol, a ɗaure ta a mariƙi, a ƙara matsin iska a hankali har jerin kumfa na farko ya fito. Ƙofar maikromita 0.4 za ta ba da kumfa a matsin wajen bar 2.2, ta 0.2 wajen 4.3. In kumfa ta fito da wuri, akwai haɗaɗɗun ƙofofi ko yagewa, ko kuma robar mariƙin na yoyo, ita za a fara dubawa. In ta makara alhali SEM na nuna baki mai faɗi, ƙofar ta tsuke a ciki. Gudun ruwa ma zai tabbatar, tunda a lissafi yana bin faɗin ƙofa sau faɗi sau faɗi sau faɗi: raguwar kashi 10 a faɗi na rage ruwan da kusan kashi 35. A irin wannan hali a ƙara lokacin UV, a rage ƙarfin soda, a ɗaga zafi, a sake jerin guntaye biyar da sabon haɗi.