Kurakuran da aka fi yi wajen sauya kalmar sirri a Linux

Na gaji da ganin matasan da nake koya wa kula da kwamfutocin Linux a nan Kumasi suna maimaita kuskuren da ni ma ya taɓa jefa ni cikin tashin hankali. Ma'aikaci zai kawo kuka cewa ya manta kalmar sirrinsa, sai mai kula ya rubuta sudo passwd, wato umarnin sauya kalmar sirri (passwd) da ikon mai kula (sudo), ya danna ba tare da ya sa sunan kowa ba. Kalmar root wannan umarni yake sauyawa, wato asusun da ke da iko a kan komai, kuma ba ya neman tsohuwar kalma. A Ubuntu, wani nau'in Linux, abin ya fi muni, domin asusun root a kulle yake zuwa, kai kuwa ka buɗe shi da hannunka.

A wani ƙaramin ofishi da ke Aboabo na yi wannan ɓarna. Na tura wa ma'aikaciyar sabuwar kalma ta WhatsApp, ta gwada ta kasa shiga, ni kuma na ɗauka yatsunta ne ke kuskure, alhali kwana biyu cur makullin kwamfutar ofishin gaba ɗaya yana zaune a wayarta. Tun daga ranar ba na taɓa passwd sai na rubuta whoami na ga ko ni wane ne, sannan na sa sunan mai asusun, na bi shi da passwd -e domin ya zaɓi tasa kalmar da zarar ya shiga. Ƙannena, sauri kan haifi nawa. Ku riƙa karanta abin da allo ya nuna muku.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai. Bayan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya kashe kwamfuta ba shiri, faifan ajiyarta yakan tashi a yanayin karatu kawai, ba a iya rubuta komai a kansa, sai passwd ya ce "Authentication token manipulation error". Maimakon a binciki faifan, sai wani ya sa chmod 777 a kan /etc/shadow, ya buɗe wa kowa fayil ɗin da ke ajiye da kalmomin sirri. Wannan sakaci ne! Ku duba df -h ko faifai ya cika, ku gyara shi da fsck, sannan in akwai buƙata ku yi mount -o remount,rw / domin ya koma karɓar rubutu.

Sauran ƙanana ne. Umarnin su, wanda ake shiga wani asusu da shi, kalmar asusun da za ka shiga yake nema, sudo kuwa taka. Ka riƙa rubuta su - da alamar layin nan (-) domin ka sami muhallin mai asusun, wato saitunansa. Idan kuma tsarin ya ce lokacin sauyi bai yi ba, chage -l da sunan mai asusun zai nuna kwanakin da aka ƙayyade.