Kurakuran da Sabbin Marubuta Ke Tafkawa a Zaman Karatu

Zaman karatu tsohuwar al'ada ce a tsakanin marubutanmu. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, rassanta na jihohi suna irin wannan zama, haka ma ƙungiyoyin marubutan Hausa tun zamanin su Raina Kama a Kano. A taru, wani ya karanta gajeren labarinsa ko waƙarsa, sauran su yi sharhi, a tashi kowa ya ƙaru. Tun da BBC Hausa ta fara gasar gajerun labarai ta mata, Hikayata, a 2016, mata matasa suka yi ta shigowa harkar rubutu, samari ma ba a bar su a baya ba, ga shi kusan kowane babban gari yanzu da ƙungiyarsa. Ina murna da haka ƙwarai. Abin da ya gundure ni shi ne duk ayarin da ya shigo sai ya taka sawun na gabansa, kuskure iri ɗaya, ɓacin rai iri ɗaya, sai ka ce gadonsu ake raba musu a bakin ƙofa. Na faɗa da baki har na gaji, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Na farko, kuma wanda ya fi ci mini rai, shi ne fitar da rubutun da aka ba ka amana. Marubuci ya kawo labarin da bai buga ba, ya raba kwafi don a duba masa, kai kuma don ya burge ka sai ka ɗauki hotonsa a waya ka tura wa ƙawarka ko abokinka. A ganinka alheri ka yi, kana tallata ɗan'uwa. To ka cuce shi.

Ni an yi mini. Na shirya wani gajeren labari don wata gasa, na kawo shi zama, na roƙi a duba mini ƙarshensa don ban gamsu da shi ba. Wani yaro mai ladabi, wanda har yau ban yarda yana da mugun nufi ba, ya tura wa yayarsa. Yayar ta tura gaba. Kafin a rufe karɓar labarai, labarin ya zagaya wayoyin mutane, an cire sunana, an sauya wa tauraruwar suna, har wata murya ta karanta shi ana saurare. Sharaɗin gasar kuwa, kamar yawancin gasanni, shi ne labarin da bai taɓa fita ba. Haka na janye, aikin da na daɗe ina yi ya tafi a banza. Da na kira yaron sai ya durƙusa yana cewa, "Wallahi Malam, daɗinsa ne ya sa." Na yafe masa, amma labarin bai dawo ba, kuma zuwa yau akwai masu ganin na wata ne.

Ku fahimta, rubutu mallakar mai shi ne tun daga ranar da ya ɗora alƙalami a takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, ba ta jira sai an buga littafi ko an yi masa rajista kafin ta kare shi ba, kuma kariyar tana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Amma ni ba kotu nake nuna muku ba, domin wane ƙaramin marubuci ne ke da kuɗin lauya? Amana nake nuna muku. Abin da aka karanta a zama, a zama yake kwana, sai in mai shi ya ce da bakinsa a fitar. Kuma tambayar ba ta da wuya: "Anti, kin yarda in nuna wa wance?" In ta ce a'a, magana ta ƙare, ba sai an yi fushi ba. Ni dai tun daga wancan lokaci ba na tura wa kowa aikin da ban gama ba ta waya. Bugawa nake a takarda, in rubuta sunan wanda zan ba da jan biro a saman kowane shafi, in an tashi in karɓe kayana. Wasu abokaina suna cewa na cika tsanani. Sun faɗi ra'ayinsu, ni kuwa haka nake yi.

Ƙanwar wannan ita ce satar fasaha, kuma a zaman karatu ta fi muni, don a gabanka aka haifi abin. Wani ya karanta tsarin labarin da yake shirin rubutawa, bayan 'yan watanni sai ga naka ya fito da jigo iri ɗaya, taurari iri ɗaya, ka sauya gari kawai. In an yi magana ka ce ai Abubakar Imam ma ya ɗauko daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa a Magana Jari Ce. Ya ɗauko, gaskiya ne, amma tsofaffin labaran duniya ya ɗauko ya narka su suka koma na ƙasar Hausa, bai zauna kusa da abokinsa ya ji abin da ke cikin jakarsa ya riga shi kasuwa ba. In dabarar wani ta tayar maka da taka, ka same shi ka gaya masa tun kafin ka fara.

Na biyu da zan daɗe a kansa shi ne yadda ake karɓar gyara, da yadda ake ba da shi. Nan ne zaman marubuta ke rayuwa ko ya mutu.

Sabon marubuci yakan zo da shafukansa zuciyarsa na dukan uku-uku, abin da kunnensa ke jira kawai shi ne "Masha Allah, alƙalami ya yi kyau." Da an ce masa babi na biyu ya yi tsawo, sai ya katse mai magana: "A'a Malam, ba ka gane ba ne, abin da nake nufi shi ne..." Tsaya nan, ɗana. Ranar da littafinka ya shiga kasuwa, za ka bi kowane mai saye gida ka yi masa bayanin abin da kake nufi? In mutum uku a ɗaki ɗaya ba su gane ba, matsalar tana kan takarda. Shi kansa Imam, da ya je Zariya a 1936 yana aikin Magana Jari Ce, tare da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi, ya zauna ana dubawa ana gyarawa. Kai da ka fara jiya kake ganin ka wuce a taɓa maka jimla?

Wannan hali ya raba mu da mutumin da ya fi kowa amfani a zamanmu. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta, ya san karin waƙa kamar yunwar cikinsa. In kana rera waƙa yakan rufe ido yana buga yatsa a gwiwa, da ɗango, wato layin waƙa, ya karye sai yatsan ya tsaya cak. Wata rana wani saurayi ya karanta 'yar ƙwar biyar, wato waƙa mai ɗango biyar a kowane baiti, dattijon ya ce masa cikin natsuwa, "Ɗango na uku a baiti na huɗu gaɓa ɗaya ta yi masa yawa, kuma amsa-amonka na waje ya sauya daga 'ra' zuwa 'na' a tsakiya." Gyara ne tsaf, wanda za a ɗauka a yi aiki da shi a minti biyar. Sai yaron nan ya miƙe a gaban jama'a ya ce hassada ce, tsofaffi ba sa son yara su taso, wai shi waƙar zamani yake yi. Dattijon bai tanka ba. Ya naɗe takardunsa, ya sa hularsa daidai, ya yi mana sallama. Mun bi shi har gida ban-haƙuri, ya karɓe mu da fara'a, amma bai ƙara zuwa ba. Ni na yi asarar kunnen da nake dogaro da shi, kuma shi yaron har yau waƙoƙinsa a karye suke, don tun daga ranar babu mai gaya masa komai. Wallahi duk lokacin da na tuna sai raina ya sosu. Ku ji tsoron Allah, ku daina kiran gyara hassada. Mutum ya bar iyalinsa da yammacin hutunsa, ya biya kuɗin mota, ya zauna yana sauraron aikinka kyauta, sakamakonsa zagi?

Abin da nake yi in ana sharhin aikina: biro a hannu, baki a rufe. Ina rubuta duk abin da aka faɗa, har wanda nake ganin shirme ne. In an gama in ce na gode, in akwai abin da ban fahimta ba in yi tambaya, ba gardama ba. Sai na kwana a kai sannan in zaɓi na ɗauka da na bari. Ba dole ne ka karɓi kowane gyara ba, labarinka ne. Dole ɗaya ce, ka saurara har ƙarshe.

Masu ba da sharhin ma suna da nasu laifin, kuma kashi biyu ne. Akwai masu yabon da ba ya ƙara komai. Wata baiwar Allah ta karanta mana littafinta babi-babi, tauraruwar marainiya ce, mahaifiyarta ta rasu tun tana goye, amma can gaba sai ga mahaifiyarta tana yi mata nasiha daren da za a kai ta ɗakin miji. Mutane da dama sun lura, kowa ya yi shiru don kunya, ana ta "Allah ya ƙara basira, Hajiya." Ta tara kuɗin adashinta ta kai maɗaba'a. Sai bayan an buga wata 'yar makaranta ta nuna mata. Da ta dawo tana tambayarmu, "Yanzu duk cikinku ba wanda ya gani?" babu wanda ya iya ɗaga ido. Wannan kunyar zalunci ce. Kashi na biyu su ne masu zuwa da wuƙa, waɗanda sharhinsu duka "wannan ai ba rubutu ba ne," ko su bar takarda su koma kan mai ita, karatunsa, garinsu, aurenta. Sharhi mai amfani yana da adireshi: shafi kaza, sakin layi kaza, ga abin da ya faru da ni da na karanta, ga abin da nake ganin zai gyara. Ni nakan fara da abin da ya tsaya da ƙafarsa a rubutun, ba don lallashi ba, don marubucin ya san abin da bai kamata ya taɓa ba. In kuma gyaran mai nauyi ne, irin wanda zai kunyata mutum, nakan jira a tashi in ja shi gefe.

Sauran ƙananan ne, amma suna taruwa su gajiyar da mutane. Kada ka kawo rubutun da kai kanka ba ka sake karantawa ba. Ƙa'idojin rubutun Hausa an zauna a kansu a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, ba abu ne ɓoyayye ba. In ka bar mana "ya na" da "dashi" da "zanje", ka zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, lokacin da ya kamata mu tattauna jigo da zubi sai ya ƙare a raba kalmomi. In an ba ka minti goma, ka tsaya a goma, kuma ka shiga karatun kai tsaye ba sai ka ba mu tarihin yadda ilhamar ta sauko maka ba. In ka makara ka tarar ana karatu, ka zauna a inda ka samu, gaisuwa ta jira. Wayarka ka kashe mata murya.

Akwai masu zuwa sai ranar da sunansu ke cikin masu karatu, da sun gama nasu sai uzuri ya taso. Muna ganinku. Wanda bai saurari na wasu ba, ni ba na ɓata biro a kan nasa. Haka mai zuwa da buhun littattafai yana talla tun kafin a san sunansa, da mai tare babban marubuci ranar farko da shafi ɗari uku yana cewa, "Baba, a rubuta mini gabatarwa." Ka bari a saba tukuna, ka nemi izini, ka ba shi lokaci, kuma in ya ce ba shi da hali kada ka ɗauke shi mai girman kai. Rigimar jam'iyya da ta aƙida a bar su a waje. Na ga sun raba mutanen da suka shekara suna gyara wa juna rubutu.

Ɗaya kuma da ba na iya haƙuri da shi: dariya in Basakkwace ko Bakatsine ko mutumin Damagaram ya karanta da harshen garinsu. Daidaitacciyar Hausa ita ce ta bayanin marubuci, wannan kowa ya yarda, kuma in ya kauce a nan a gyara masa. Amma in tsohuwa ce daga ƙauyen Gobir ke magana a cikin labari, ka bar ta ta yi maganarta yadda take yi a gida. In wata kalma ta shige maka duhu, ka ɗaga hannu bayan an gama ka tambayi ma'anarta, ka rubuta ta a littafinka.