Yadda ake duba yanayin dutsen ƙanƙara kafin ka kashe kuɗin mota

Duk watan Janairu sai wani ɗan Sakkwato ya turo min saƙo, wai ya shigo Turkiyya saro kaya ko karatu, yana son ya hau dutsen Uludag ya ga dusar ƙanƙara da idonsa. Na raka mutane da yawa, kuma kusan kowa kuskure ɗaya yake yi, sai ya buɗe waya ya duba yanayin garin Bursa da ke gindin dutsen, ya ga digiri 8, ya ce ai wannan ɗan uwan hunturun gida ne, suwaita ɗaya ta isa. Malam ba ta isa ba.

Abu na farko, ka bar duba yanayin gari, dutsen za ka duba. Duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6 da rabi. Bursa tana ƙasa ƙasa ne, inda otal otal suke a kan dutsen kuwa wajen mita 1,800 ne, ƙololuwar kuma mita 2,543. Kenan idan gari na digiri 8, can wajen otal otal ɗin ka lissafa 3 ƙasa da sifili. Idan dutsen Erciyes za ka kusa da garin Kayseri lissafin ɗaya ne, sai dai shi ya ma fi tsawo, mita 3,917.

Na biyu, kuma nan ne nake son ka tsaya, iska. Ni lambar iska nake fara dubawa kafin ta sanyi, duk wanda ya ce maka akasin haka bai sha wuya ba tukun. Shekarata ta farko munka haɗu mu biyar, munka ga an rubuta 5 ƙasa da sifili, munka ce za mu iya, babu wanda ya kula da ɗan layin da ke ƙasa mai cewa iska na gudun kilomita 40 a awa. To 5 ƙasa da sifili da iska irin wagga, jikinka kamar 14 ƙasa da sifili zai ji. Ba irin iskar hunturu ba ce da za ka ja rawani ka rufe hanci ka wuce. Na cire safar hannu don in ɗauki hoto, minti biyu ba a yi ba yatsuna sunka ƙi lanƙwasuwa, zif ɗin jaket ma na kasa ja sai wani abokina ya ja min kamar ƙaramin yaro, hawayen da iska ta fitar min kuwa nan kan gashin ido sunka daskare. Ko wasan zamiya a kan ƙanƙara ba mu yi ba ranar, shayi kawai munka sha mai tsadar tsiya munka sauko.

Sannan iska ita ke rufe motar igiya, wadda can suke kira teleferik. Idan ta yi ƙarfi tsayar da ita ake yi, da kujerun da ke kai mutane saman gangara, ka ga ka biya kuɗin jirgin ruwa daga Istanbul, ka biya mota, ka zo ka tarar da ƙofa rufe. A Bursa akwai wata iska da suke ce ma lodos, daga kudu maso yamma take tasowa, tana da ɗumi, tana narkar da ƙanƙara kuma tana hana teleferik aiki. In ka ji 'yan gari na ambatonta ka ɗaga tafiyar kawai. Dokata ita ce in iska ta wuce kilomita 30 ba na kai baƙo, wasu za su ce na cika tsoro, su je.

Na uku ka duba ita kanta ƙanƙarar. Za su rubuta zurfinta da santimita, amma kada lambar ta ruɗe ka, tambayar ita ce yaushe ta zuba. Wadda ta zuba jiya da dare laushi gare ta kamar garin fulawa, in ka faɗi, kuma sai ka faɗi, ba ka jin komai. Wadda ta kwana huɗu rana na narkar da ita dare na daskarar da ita, da safe kamar simintin da anka zuba ma ruwa take, nan ne ake karya hannu. Da la'asar kuma ta koma caɓi kamar ƙanƙarar zoɓo. Hanya mafi sauƙi, yawancin wuraren nan suna da kamara mai nuna gangara kai tsaye a intanet, ka leƙa da safe kafin ka fito, kyauta ne. In ka ga fari fat ba ka ganin ko sanda ɗaya, hazo ne, irin wanda ba ka bambance ƙasa da sama, ka koma ka kwanta.

Kaya kuma, auduga ita ce maƙiyinka. Singileti da wandon jins suna shan gumi su riƙe, da ka tsaya sai su zama kamar ka sa rigar da anka ciro daga firij. Riga mai laushi ta roba roba a ciki, suwaita a tsakiya, jaket mai hana ruwa a waje. Kada ka saya in sau ɗaya za ka, haya ake bayarwa, kuma a cikin gari ya fi araha nesa ba kusa ba. Tabarau dole ne ko da kana ganin kai ɗan garin da ya saba da digiri 42 ne, sabuwar ƙanƙara na maido da hasken rana har kusan kashi 80 cikin 100, da dare ido zai riƙa yi maka kamar an watsa yashi. Ka zo da man kaɗanya don leɓe. Waya a aljihun ciki, sanyi na shanye batir. Alwala ka yi ta tun a masauki.

Sauran ba wuya. Gangarar zamiya alamar launi launi gare ta gwargwadon wuyarta, kore ko shuɗi naka ne, ja da baƙi ba ruwanka da su. Kada ka tsallake igiya ko sandunan da anka kafa, bayansu ne ƙanƙara ke zaftarowa ta binne mutum, a tsaunukan Turai ma har ma'aunin haɗarin zaftarowar gare su daga 1 zuwa 5. Lokaci mai kyau daga ƙarshen Disamba zuwa Maris, ka guji Asabar da Lahadi saboda layi, kuma ka tambayi ƙarfe nawa motar igiya ta ƙarshe ke sauka tun kana ƙasa.