Yadda ake shirya zaman raba ruwan Gulbin Maraɗi

Gulbin Maraɗi ya taso daga Najeriya, inda ake ce masa Gada, ya shiga Nijar ta Madarunfa, ya ratsa Maraɗi, sannan ya komo ya faɗa kogin Rima. Dam ɗin Jibiya da ke kansa yana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 142, don haka buɗe ƙofarsa ko rufe ta na shafar rijiyoyin 'yan lambu a can ƙasa. Takarda kam akwai: Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwa, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, ta ambaci wannan gulbi. Aikin da ya rage na zama ne.

A fara da awo, kafin a yi maganar rabo. Kowane ɓangare yana da sandar auna ruwa a bakin gulbi, amma sau da yawa sifilin wannan bai daidaita da na waccan ba, ga yashi yana cike gindin sandar bayan kowace damina. Sai ka ji kowa na rantsuwa da adadinsa, alhali duka biyun daidai suka karanta. Injiniyoyin ƙasashen biyu su je tare, su daidaita sandunan, su amince da lokacin karantawa safe da yamma, kuma a rubuta gudun ruwa da mita kubik a sakan.

Daga nan sai jadawalin sakin ruwa. Kada a yarda da "za a riƙa saki lokaci-lokaci". A rubuta wata, kwana nawa, ruwa nawa. Sakin rani ya zo daidai da shukar fadama, domin ruwan da ya nutse cikin yashin gulbi shi ke ɗaga rijiyoyi.

Gargaɗin ambaliya yana buƙatar suna da lambar waya: wa zai kira wa, awa nawa kafin a buɗe ƙofar dam. Mutanen Binuwai sun san kuɗin sakaci a nan tun ambaliyar 2012 da sakin ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru.

Rahoton Ingilishi da na Faransanci a ofis suke kwana, saboda haka a karanta matsaya da Hausa gaban hakimai, sarakunan ruwa da makiyaya. A kuma sa sharaɗin cewa musayar awo ba za ta tsaya ba ko an rufe iyaka, kamar yadda aka rufe ta a 2023.